Numfashin yaro a hunturun Damagaram

Daga ƙarshen watan Nuwamba, da iskar gabas ta taso da buji, har zuwa Fabrairu, da wuya ka shiga gida a Birni ko Zango ko Garin Malam ba ka ji tarin yaro ba. Majina na zuba, jiki da ɗumi, dare ya yi tari ya hana uwa runtsawa. Layin mata a gidajen likita ya yi tsawo, masu tallar magani a faranti kuma kasuwarsu ta buɗe. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abu biyu da ke faruwa a gari ɗaya, wani lokaci ma a gida ɗaya. Yaron da mura ce kawai ke damunsa ana ɗura masa magani kala uku ko huɗu waɗanda ba ya buƙata. Wanda kuwa huhunsa ya kamu ana kwantar da shi a ɗaki kwana uku, an lulluɓe shi da bargo, ana jiran sanyi ya sake shi. Tushen kuskuren biyu ɗaya ne: mu a gida da ƙarar tari muke auna tsananin ciwo, su kuwa ma'aikatan lafiya da numfashi suke aunawa.

Mafi yawan abin da ke kama yara a wannan lokaci a sama yake tsayawa, a hanci da maƙogwaro, wani lokaci ya ratsa zuwa kunne. Ƙwayoyin bairos ne ke kawo shi, kuma antibiyotik ba ya taɓa bairos ko kaɗan, komai tsadarsa. Yaro mai ƙoshin lafiya yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, ba don jikinsa na da wata matsala ba, sai don yanzu ne garkuwarsa ke sanin waɗannan ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Zazzaɓin yakan sauka cikin kwana biyu ko uku, tarin kuwa yana iya jan ƙafa har mako biyu. Majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa ko kore, wannan ma hanyarta ce ta warkewa, ba hujja ba ce ta sayen amoksisilin.

Ciwon haƙarƙari, wanda likitoci ke kira nimoniya, labarinsa daban ne. A can ƙasan huhu akwai ƴan mitsi-mitsin jakunkuna da iska ke shiga, daga nan jini ke ɗaukar iskar oksijin ya kai wa sauran jiki. Idan ƙwayar cuta ta sauka can, jakunkunan sai su cika da ruwa da mugunya, wurin shigar iska ya ragu. Jiki ba shi da wata dabara sai ya ƙara saurin numfashi don ya cike giɓin. Manyan masu kawo wannan su ne bakteriyar nimokok da wata da ake kira Hib, sai kuma bairos ɗin RSV da ke toshe ƙananan hanyoyin iska a jarirai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 nimoniya ta kashe yara ƴan ƙasa da shekara biyar 740,180 a duniya, wato kashi 14 cikin ɗari na mace-macen yaran wannan shekaru. Kuma sau da yawa daga mura take farawa, shi ya sa ake ruɗewa. Jiya yaro na wasa da majina a hanci, yau ya kwanta, uwa na ganin ciwon jiya ne bai sake shi ba.

To yaya ake rarrabewa, tunda a gidan likitan unguwa ko na ƙauye babu hoton ƙirji? Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin duba yara na wani CSI, wato ƙaramin gidan likitan gwamnati, ya ga yadda ake yi. Majo, wato shugaban ma'aikatan gidan likitan, ba ya fara taɓa yaron, don kada ya firgita ya fashe da kuka, kuka kuwa yana ɓata lissafi. Sai ya ce wa uwar, "Malama, bar shi a cinyarki, ɗaga masa riga kawai." In yaron na ƙoƙarin kuka ya ce ta ba shi nono ya lafa tukuna. Daga nan ya kafa ido a ciki ko ƙirjin yaron, agogo a hannu, yana ƙirga kowane ɗagawa har minti ɗaya cif. Ba a ƙirga rabin minti a ninka, domin numfashin ƙananan yara ba ya tafiya daidai, yakan yi sauri ya ɗan tsaya ya sake ɗauka. Jaririn da bai cika wata biyu ba, in ya kai 60 a minti, numfashinsa ya yi sauri. Daga wata biyu zuwa wata goma sha ɗaya iyakar 50 ce. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Yaron da ke tari kuma ya kai ko ya wuce iyakar shekarunsa, a matsayin mai nimoniya ake ɗaukar sa.

Bayan ƙirge sai a dubi ƙasan ƙirji, daidai inda haƙarƙari ya ƙare ciki ya fara. Lafiyayyen yaro idan ya ja numfashi, ƙirji da ciki tare suke tasowa. Wanda huhunsa ya yi nauyi kuwa, lokacin da ya ja iska sai ka ga wurin ya lotsa ciki, ya zama rami a ƙarƙashin haƙarƙarin, kuma haka yake yi a kowane ja, ko yana barci. Wanda ya gani sau ɗaya da idonsa ba ya mantawa. Ba na ganin dalilin da zai sa wannan sani ya tsaya a hannun masu farar riga kaɗai.

Sai dai a yi adalci, ƙirgen numfashi ba ma'auni ba ne marar kuskure. Zafin jiki kansa yana ƙara saurin numfashi. Zazzaɓin cizon sauro na yin haka, ƙarancin jini ma haka, kuma a wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da sauron damina bai gama tafiya ba sanyi kuma ya fara shigowa, cututtukan biyu sukan haɗu a jikin yaro ɗaya. Shi ya sa yaro mai zazzaɓi ake tsaga masa yatsa a yi gwajin maleriya ko da tari ne ya kawo shi. Jaririn da RSV ya kama shi ma numfashinsa na sauri, amoksisilin kuwa ba ta yi masa komai. Masu tsara wannan hanya sun san cewa za a ba wasu yara maganin da ba su buƙata. Sun zaɓi hakan da gangan, saboda a inda babu hoto babu ɗakin gwaji, ba yara goma amoksisilin don a tsirar da wanda bakteriya ta kama a cikinsu ya fi sauƙin ɗauka a kan a rasa shi. Ni ma ina ganin zaɓin daidai ne. Amma wannan rangwame na yaran da numfashinsu ya yi sauri ne, bai shafi duk mai tari ba.

A shekarar 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta ta hanyar da ta shafe mu kai tsaye. Kafin nan wani antibiyotik mai suna kotirimokzazol ne ake yawan bayarwa, kuma duk yaron da ƙirjinsa ke lotsawa sai an tura shi babban asibiti don allura. Bincike ya nuna cewa yaro daga wata biyu zuwa shekara biyar, in dai babu wata alamar haɗari a tare da shi, amoksisilin ta baki na yi masa aiki kamar allura. Ga mutumin ƙauyen ƙasar Tanut ko Gure, wanda kafin ya kai asibitin gunduma sai ya nemi amalanke ko ya jira motar ranar kasuwa, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Ƙwayar da aka fi so ita ce mai miligiram 250 wadda ke narkewa a ɗan ruwa ko ruwan nono a cokali. Wanda bai kai shekara ba ƙwaya ɗaya safe da yamma, daga shekara ɗaya zuwa uku biyu-biyu, daga uku zuwa biyar uku-uku, yawanci kwana biyar, kuma nauyin yaro ne ke yanke hukunci, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Bayan kwana uku a koma a sake ƙirga numfashin. In ya ƙara tsanani kafin nan, ba a jiran kwana ukun.

A nan ne halayenmu ke shigowa. Da yawa cikin iyaye mata sun fi yarda da siro, maza kuma sun fi yarda da allura, har wani ya ga kamar ba a duba ɗansa da kyau ba in an sallame shi da ƙwaya. Siron amoksisilin gari ne a kwalba da ake zuba wa ruwa, kuma da zarar an haɗa shi kwanakinsa ƙidayayyu ne, balle a ɗakin da babu firji. Ga cokulan gida kowane da girmansa. Kwana biyu yaro ya ji sauƙi ya tashi yana wasa, sai a ɗaga sauran a ajiye a bayan kwalla, wata biyu ƙanensa ya fara tari a ɗauko a ba shi. An yi asara biyu ke nan: na farko bai gama kashe ƙwayar cutar ba, na biyu ya sha lalataccen magani a kan murar da ba ta buƙatarsa. Ƙwayoyin bakteriyar da suka sha irin wannan rabin-rabin magani su ne ke taurin kai, ranar da ake neman amoksisilin da gaske ta ƙi ci.

Wani zai ce ai a jihar Doso an raba wa yara antibiyotik gida-gida ba tare da suna ciwo ba, kuma an ce ya rage mutuwa. Gaskiya ne. Binciken MORDOR da aka yi a gundumomin Boboye da Loga, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya nuna cewa ba yara azitiromisin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu da kusan kashi 18 cikin ɗari a Nijar. Amma can magani ne tabbatacce, da awo, sau biyu kacal a shekara, da masu bin diddigi, kuma su kansu masu binciken sun ga taurin kan bakteriya ga irin wannan magani ya ƙaru a garuruwan da aka raba. Ba shi da dangantaka da kafso biyu da aka saya a bakin tasha, wanda ya yini a rana a kan faranti, ba a san inda aka yi shi ba.

Akwai yaran da gida ba wurinsu ba ne, ko da amoksisilin na hannu. Wanda ya kasa kama nono ko shan ruwa, wanda duk abin da ya shiga cikinsa sai ya amayar, wanda ya yi jijjiga, wanda ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai, wanda ke wata ƙara mai kaushi idan ya ja numfashi alhali ba kuka yake ba, ko yake nishi a kowane fitar iska, ko leɓensa ya sauya launi. Waɗannan asibiti za a nufa da su a wannan sa'a, dare ne ko rana, domin allurar ampisilin da jantamisin suke buƙata, da yawansu kuma har da oksijin. Akwai ƴar na'ura da ake maƙala wa yaro a yatsa ta nuna yawan oksijin a jininsa. In ya sauka ƙasa da 90, sai an sa masa iska. Ido kaɗai ba ya gane wannan a kan lokaci, musamman a fatarmu da shuɗin leɓe ba ya saurin bayyana. A ganina duk CSI da ke jihar nan ya kamata a ce yana da wannan na'ura mai girman yatsan jariri, da injin tace oksijin da ke aiki da hasken rana, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Rana dai ba mu rasa ta ba.

Jariri ɗan ƙasa da wata biyu ba a yi masa lissafin manya. Zafin jiki, ko sanyin jiki fiye da kima, ko rage shan nono, kowanne ya isa a kai shi likita ran nan, ko da uwar na cikin kwanakin jego kuma tsofaffi na cewa ba ta isa fita ba. Haka ma yaro mai tamowa, wadda kowa ya san yadda take addabar ƙasashen Magarya da Mirriya da Matamai. Jikin da yunwa ta cinye ba ya iya tayar da zazzaɓi mai ƙarfi, naman ƙirjinsa ba shi da ƙarfin yin numfashi da sauri, sai huhu ya cika alamun kuwa ba su fito ba. Irin wannan yaro tari kaɗan ma ya isa a kai shi.

Me ke jawo jinkirin? Tun 2006 dokar ƙasa ta ce duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar da maganinsu kyauta ne a gidajen likitan gwamnati, kuma wannan doka ta ceci rayuka masu yawa. Amma an daɗe ana kuka da jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗin da suka kashe, in kuɗi bai dawo ba kuwa kantar magani sai ta bushe, a miƙa wa uwa takarda a ce ta je farmasi. Wadda aka yi wa haka sau biyu, karo na uku sai ta ce gara ta tsaya wurin mai tebur. Ga kuɗin kabu-kabu, ga jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga ci-rani a nemi izini, ga kaka da ke cewa a fara gwada na gida. Ba rashin so ba ne ke sa uwa jinkiri, kuma masu zagin iyaye mata a bakin ƙofar likita ya kamata su san haka. A ƙauyukan da ke nesa da gidan likita an horar da wasu ƴan gari, waɗanda ake kira rele, suna ƙirga numfashi su ba da amoksisilin. Tsari ne mai kyau ƙwarai, muddin akwatinsu bai zama fanko ba.

Na gida kuwa, akwai mai amfani akwai mai cutarwa. Yaro mai mura abin da yake so shi ne a ci gaba da ba shi nono a kai a kai, a ƙara masa ruwa da kunu in ya wuce wata shida, a ɗiga masa ruwan gishiri na farmasi a hanci a share kafin shan nono, a ba shi farasitamol daidai nauyinsa in zazzaɓi ya dame shi. Zuma a ruwan ɗumi na lafar da tari ga wanda ya wuce shekara ɗaya. Wanda bai kai ba, ba a ba shi zuma sam, tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Man zafi a cikin hancin jariri ƙara masa wahala yake yi. Siron tari kuma ba a taɓa nuna yana warkar da ƙananan yara ba, wasu na sa su barci mai nauyi har alamar haɗari ta ɓuya. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya da ciwon ƙoda bayan shan wasu siro na tari da mura da aka gano suna da guba a ciki.

Abu biyu ne na fi so a yi magana a kansu a fili. Na farko hayaƙi. Da sanyi ya tsananta sai a shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ɗakin mai jego kuma ga wuta ga turare, jariri na kwance a ciki dare da rana. Uwa na girki da itace, goyo a bayanta, hayaƙin da ke sa ta hawaye shi ne yake shaƙa. Muna tsoron iska ta bugi yaro, alhali hayaƙin da muke tare masa a ɗaki yana lalata ƴan gashin da ke share hanyar numfashi, ya buɗe wa ƙwayar cuta ƙofa. A sa masa rigar sanyi da hula, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar wata kafa iska na shiga. Na biyu cire beli. Har yanzu yaro in ya daɗe yana tari ko amai akan ce hakin wuya ne, a kira wanzami. Wanzamai mutanenmu ne masu daraja, amma belin ba shi ke kawo tari ba, kuma yaron da huhunsa ke ciwo in aka ƙara masa zubar jini da rauni a maƙogwaro har ya kasa haɗiyar nono, an ɗora masa kaya a kan kaya. Ga haɗarin ciwon dahi daga aska.

Maƙogwaro ma ba kullum abin rainawa ba ne. A 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke a ƙasar nan, jihar Damagaram ce kuma ta fi jin jiki, musamman wajen Matamai. Yaro mai ciwon maƙogwaro da wuyansa ya kumbura, aka ga wani farin yaɗi mai toka-toka a can ciki, ba na jiƙe-jiƙe ba ne. Abin takaici shi ne rigakafinta na cikin allurar nan mai haɗe da cuta biyar da ake yi wa jariri a mako na 6 da na 10 da na 14, wadda ke kare shi har daga tarin shiƙa da Hib. Tun 2014 aka ƙara ta nimokok a ranakun nan guda, sai ta ƙyanda a wata tara, ƙyanda kuwa ta huhu take yawan kashewa. Yaron da aka tsallake masa wata allura ba a sake farawa daga farko, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya, don haka karne, wato katin rigakafin yaro, da ya kwana biyu a ƙasan akwati bai mutu ba.

Tarin da ya wuce mako biyu shi ma yana son a bincika, ko da yaron na yawo. In akwai babba mai tarin fuka a gidan, a faɗa wa likita ba tare da jin kunya ba, maganinsa kyauta ne. In kuma tarin na dawowa duk hunturu, da dare, ƙirji na fito, wataƙila asma ce, kuma abin shaƙa na salbutamol da ake fesawa ta cikin robar ruwa ta rabin lita da aka huda gindinta ya fi duk wani antibiyotik yi masa amfani.

Ranar rigakafi mata kan yi sa'o'i a zaune a inuwar CSI suna jiran layi. A wannan zaman za a iya ɗaga rigar jariri ɗaya a nuna musu yadda ake ƙirgawa, kowace ta gwada a kan nata, a rubuta 60 da 50 da 40 a bangon karne. Gidajen rediyon garin nan su maimaita shi duk hunturu kamar yadda suke sanar da raba maganin maleriya da damina. Kuma kada a tsaya kan mata. A gidaje da yawa wayar da za a duba minti ɗaya da ita tana aljihun maigida, shi ke ba da izinin fita, shi ke biyan kabu-kabu, kaka kuma ita ke cewa a kai ko a dakata. Don haka bayanin ya kai majalisun maza da ƙofar masallaci, a kuma gayyaci kakanni ranar awo, limamai da masu unguwanni su san lambobin nan uku tun kafin sanyin Disamba ya kankama.